Hoton dabba a gefen baƙi: tarihinsa da matsalarsa a lakkol

Haɗa baƙi da dabba ya girmi makarantar boko nesa ba kusa ba. Masana tarihin rubutu sun nuna cewa harafin A ya samo asali ne daga zanen kan sa, a rubutun Kan'aniyawa na sama da shekara 3,000 da suka wuce, kuma daga sunan sa a harshensu aka samu alif na Larabci da alfa na Girkanci. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a zana abu, a ɗauki sautin farko na sunansa.

Komeniyus, malamin nan na ƙasar Morabiya, wata hanya ya bi a littafinsa Orbis Pictus na 1658. Kukan dabba ya ɗora wa baƙi: hankaka ya ba da a, tunkiya ta ba da b, hucin maciji ya ba da s. Da yake kukan dabba ba mallakar wani harshe ba ne, an juya littafin zuwa Ingilishi tun 1659, hotunan suna nan yadda suke. Amma littattafan da suka biyo baya, galibinsu ga suna suka koma, kuma a nan matsalarmu take.

Makarantar allo ba ta nemi hoto ba. A matakin babbaƙu, siffar baƙin ce ake yi wa suna da Hausa: ba guje, mim jaye, ɗa mai hannu. Almajiri ya ji sunan, ya dubi allo, ya ga hannun. A ganinmu masu tsara littattafan karatu ba su ba wannan dabara haƙƙinta ba, alhali ita ce ta fi kula da siffa.

A lakkol ɗin zamanin mulkin mallaka kuwa, dokar 1924 ta ce Faransanci kaɗai za a yi amfani da shi a aji. A duba abin da hoto ya zama a irin wannan aji. Mushe ya nuna jaki a gefen a, domin sunansa âne. Yaro ya duba ya ce jaki. Ya nuna zomo a gefen l, domin lapin. Yaro ya ji z a kansa. Kafin hoton ya taimaka, sai yaro ya haddace sunan dabbar da baƙon harshe, watau an ɗora masa kaya biyu a maimakon ɗaya.

Taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira, ya daidaita baƙaƙen Hausa da na wasu harsunan yankin, kuma a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa. Daga nan hoto ya koma gida: biri da ɓera suka raba b da ɓ, kura da ƙuda suka raba k da ƙ. Babu bayanin malami da ya kai waɗannan tagwaye amfani.

Sai dai karin harshe ya kawo tasa wahala. A sa hoton fara a gefen f: yaron Tawa ko Maraɗi hwara zai ce, ya nemi h. Baƙin ƴ ya fi tsanani, domin kalmominsa ƙalilan ne, kuma inda Bakano ke cewa ƴa, mutumin Adar ɗiya yake cewa. Shi kuma r baƙi ɗaya ne mai sauti biyu, raƙumi ɗaya kawai yake iya ɗauka. A ƙara da c, wanda yaron zai koya da carki, sannan a ajin Faransanci a ce masa k ne ko s.

Tun da kundin 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, tambayar ta wuce ɗakin bincike. Duk wanda zai tsara littafin aji ɗaya na ƙasa baki ɗaya, dole ya yanke shawara a kan bakin da zai kira sunan dabbar, na Damagaram ko na Adar, tun kafin mai zane ya ɗauki alƙalami.