Musanya Kayan Fom ɗin da Aka Gada: Nazari a kan Delphi da Windows Forms

Tsakure

Wannan maƙala ta binciki dalilin da ya sa fom ɗin da ya gaji wani ba ya iya cire maɓalli ko akwatin rubutun da ya gada, ta kuma auna dabarun da masu rubuta manhaja ke bi. Ta nuna cewa maganin yana ga fom na asali.

Gabatarwa

Kamfanin Borland ya kawo gadon fom a Delphi 2 a shekarar 1996, Microsoft kuma ya zo da irinsa a Windows Forms a 2002. Ana zana fom ɗaya a matsayin uwa, sauran su gaji fasalinsa. Magaji na iya ƙara kaya ko sauya wa waɗanda ya gada wuri da launi, amma idan ya nemi goge abin da ya gada, sai manhajar zanen ta ƙi.

Tushen Matsalar

Da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin gazawar manhajar zane, alhali daga tsarin gadon kansa ya fito. Kowane akwati da ke kan fom yana da gurbi mai suna da nau'i a cikin ajin uwa, kuma umarnin da aka rubuta a can ya dogara da shi. A Delphi, fayil ɗin zanen fom (DFM) na magaji bambanci kawai yake adanawa. Uwa ce ke ƙirƙirar akwatin. A Windows Forms ma, InitializeComponent na uwa yana gama aikinsa kafin magaji ya samu ta cewa. Ƙa'idar da Barbara Liskov ta gabatar a 1987 ta bayyana sauran: dole magaji ya iya tsayawa duk inda uwa ta tsaya ba tare da shirin ya lalace ba.

A ɗauki misalin wanda ke son TMaskEdit a madadin TEdit a Delphi domin tsara lambar waya. TMaskEdit ba daga TEdit ya fito ba. Su biyun zuriyar TCustomEdit ne. Saboda haka gurbin da aka keɓe wa TEdit ba zai karɓe shi ba. Haka dangantakar TextBox da MaskedTextBox take a Windows Forms, domin a TextBoxBase suka haɗu.

Dabarun da Ake Bi

Wadda ta fi yawa ita ce a ɓoye tsohon akwati a ɗora sabo a kansa. Wannan rufin asiri ne kawai, kuma yana da haɗari: uwa tana ci gaba da karanta akwatin da aka ɓoye, sai a adana fanko a rumbun bayanai ba tare da wani gargaɗi ba. Rushe shi lokacin da shirin ke gudana ya fi muni, tunda gurbin zai koma nuna abin da babu.

Hanya mai inganci ita ce bin dabarar da Gamma da abokan aikinsa suka bayyana a littafinsu na 1994: uwa ta bar fili a kan fom, ta ayyana gurbin da nau'in kakan, wato TCustomEdit, sannan ta bar wa kowane magaji aikin ƙirƙirar akwatinsa. Farashinta shi ne akwatin ba zai bayyana a allon zane ba. A C# kuma a kula, idan uwa ta kira wannan aiki tun tana ginuwa, zai gudana kafin magaji ya kammala shirinsa.

Duk da haka wannan farashi ya fi sauƙi a kan asarar bayanai. Duk akwatin da ake tsammanin nau'insa zai bambanta tsakanin magada, kada a zana shi a kan fom na asali tun farko.