Gilashin Zuƙowa da Duhun Zaure

Lokacin da aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari a 1979, gilashin kyamara mai zuƙo nesa kusa shekararsa ashirin kacal a hannun masu ɗaukar hoto, domin a 1959 ne kamfanin Voigtländer na Jamus ya fitar da Zoomar. Araha sai daga baya. A 2003 Canon ya haɗa kyamarar EOS 300D da ɗan gilashi mara nauyi mai milimita 18-55, irin wanda mai hoton biki a Bodinga ko Shagari zai iya saye na hannu.

Rauninsa duhu ne. Samfurin 2007 ya zo da na'urar rage rawar hannu, amma ƙofar shigar haske tana nan yadda take, f/3.5-5.6. Nan ne mai sauya gilashi kan yi asarar kuɗinsa. A zauren ɗaurin aure, inda dattawa ke zaune shiru, sabon ya fi tsohon nesa ba kusa ba. Da magariba kuwa, in mahaya suka saki linzami ranar Sallah, dokin zai fito dishi-dishi a duka biyun, domin hannun mai hoto na'urar ke tsayarwa, ba dokin ba.