Yadda kwamfuta ke gadin shago ta kafar firinta

Duk wanda ya duba bayan tsohuwar kwamfutar tebur zai ga wata kafa mai faɗi, mai ƙananan ramuka 25, inda ake jona firinta. Kamfanin IBM ne ya sa ta a kwamfutarsa ta 1981, aka kuma daidaita ƙa'idarta a 1994.

Kafar kan aika bayanai ta wayoyi takwas a lokaci guda. Wannan ne ya sa masu fasaha suka riƙa amfani da ita wajen kunna fitila, ko inji, ko jiniyar kama ɓarawo.

A yankin Maƙarfi da Ikara da Kudan, inda ake ajiye masara da mazarƙwaila a shaguna ana jiran farashi ya tashi, fashin dare ɗaya kan iya cinye wahalar shekara guda.

Yadda ramukan suke

Rami na 2 zuwa na 9 su ne ke fitar da wuta, kimanin bolt 5, idan kwamfuta ta ba da umarni. Na 10, 11, 12, 13 da 15 kuwa saƙo suke karɓa daga waje, yayin da na 18 zuwa na 25 su ne na wayar ƙasa.

Akan ɗaura ƙaramin makunni a jikin dogaran ƙofa, a manna maganaɗisu a kan ƙyauren. Muddin ƙofar tana rufe, makunnin na haɗa rami na 10 da wayar ƙasa. Da an buɗe ta, sai haɗin ya yanke.

Aikin manhaja

A galibin kwamfutoci, lambar adireshin fitar da umarni ita ce 888, ta karɓar saƙo kuma 889. Manhajar da aka rubuta da QBasic ko C takan riƙa karanta 889 ba ƙaƙƙautawa.

Idan ƙofa ta buɗu, adadin da ta karanto zai ƙaru da 64. Nan take sai ta aika 1 zuwa 888, wuta ta fito ta rami na 2. Tana kuma iya rubuta lokacin da abin ya faru.

Sai dai wutar ba ta wuce 'yan miliamfiya ba, don haka ba za ta iya ɗaukar jiniya ba. Akan bi da ita ta rizista zuwa transista, shi kuma ya ja makunnin nan da ake kira rile, wanda zai haɗa jiniyar da batir mai bolt 12. Dole a sa dayod a kan rilen, in ba haka ba wutar da ke dawowa za ta ƙona transistan, wataƙila har da kafar.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce ɗaukewar wutar lantarki, domin da kwamfuta ta mutu gadi ya ƙare, sai in akwai batirin ko-ta-kwana.

Haka kuma DOS da Windows 98 sun bar manhaja ta taɓa kafar kai tsaye, amma Windows 2000 da XP sun toshe hanyar, sai an ƙara wata manhaja kamar inpout32.

Bayan ɓullar USB a 1996, kafar ta riƙa ɓacewa daga sababbin kwamfutoci, kuma galibin wayoyin da ke mayar da USB kafar firinta ba sa wannan aiki. Ƙananan alluna irin su Arduino, na 2005, da Raspberry Pi, na 2012, su ne suka gaje ta, ga su ba su cin wuta sosai.

To amma dabarar ba ta sauya ba. Ɗalibin da ya fahimce ta a kan tsohuwar kwamfuta, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ko a Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya, ba zai sha wuya da sababbin allunan ba.