Daga Gafaka Zuwa Gwanjo: Kayan Tarihin Madabo da Abin Lura Daga Ƙasashen Keltawa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba littattafan talla da manyan gidajen gwanjo na Landan, irin su Sotheby's da Christie's, suke bugawa kafin ranar ciniki, zai riƙa cin karo da Alƙur'anai da littattafan addu'a rubutun hannu na ƙasashenmu, wasu har da gafakarsu. Sau da yawa bayanin da akan yi musu bai wuce a ce daga Afirka ta Yamma suke, kuma na ƙarni na 19 ne ba. Ba sunan gari, ba sunan gidan da suka fito, balle a san malaman da suka yi karatu da su.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi sawun yadda kayan tarihi suke barin gidajen da suka gaje su. Mun ɗauki unguwar Madabo ta cikin birnin Kano a matsayin misali, sa'an nan za mu kwatanta ta da ƙasashen Keltawa, musamman Ailan da Sikotlan, waɗanda suka riga mu shiga wannan hali. Abin da muke son nunawa shi ne, asarar tana farawa ne tun daga gida, ran da mai riƙon kaya ya kasa riƙe su. Gwanjo kuwa ƙarshen tafiyar ne kawai.

2.0 Madabo da Dukiyarta

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya nuna cewa Wangarawa sun iso Kano daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), su kimanin 40, a ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Wani littafin kuma, Aslul Wangariyyin, wanda aka rubuta a 1061 Hijiriyya (1650/51), kuma Muhammad Al-Hajj ya buga shi a mujallar Kano Studies a 1968, ya kawo zuwan nasu a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Ko wanne aka ɗauka, ruwayar Kanawa tana danganta masallacin Madabo da makarantarta da wannan shehi da jama'arsa.

Tun a wancan zamani littafi abu ne mai daraja, har ana riƙe sunan wanda ya kawo shi gari. Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Muhammadu Kisoki (1509-1565) Shehu Tunus ya zo da Ashafa, Shehu Abdussalami kuma ya zo da Mudawwana da Jami'us Sagir da Samarƙandi. Daga baya Madabo ta shahara da karatun fiƙihun Malikiyya, musamman Muhtasar na Shehu Halil, a hannun masu riƙe da muƙamin Babban Malami, irin su Malam Umaru Ba'ajume da Malam Suyuɗi. A nan Malam Muhammadu Salga ya yi karatu kafin ya kafa tasa makarantar, kuma saɓanin da ya shiga tsakanin Salgawa da Madabawa a kan sadakar mamaci ya haifar da rubuce-rubuce daga ɓangarorin biyu.

Yana da kyau mu tsaya a kan siffar waɗannan littattafai, domin ita ce tushen matsalar. Ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne sake, akan jera su a cikin tadarishi, a ɗaure, a sa a gafaka. Hikimar haka ita ce, malami yana iya raba wa ɗalibai da dama warƙoƙin littafi ɗaya a lokaci guda. Yawancin takardar ƙarni na 19 irin mai alamar wata uku ce, wadda ake yi a arewacin Italiya, ta biyo ayarin Tarabulus. A gefen shafi akwai ƙananan bayanai da malamai suka yi ta ƙarawa, wasu da Larabci, wasu da ajami, a ƙarshe kuma sau da yawa akan sami sunan wanda ya juya littafin da wanda aka juya wa. Ga mai nazarin tarihi, waɗannan bayanai su ne dukiyar. Muhtasar dai an buga shi a Masar, kowa yana iya saye. Amma yadda malaman Madabo suka warware wata mas'ala shekaru 150 da suka wuce, ba inda za a same shi sai a gefen wannan warƙa.

3.0 Gado, Dillanci da Gwanjo

Gwanjo ba baƙon abu ba ne ga malamanmu. Fiƙihun Malikiyya ya halatta cinikin muzayada, wato a yi ta ƙara tayi har kaya su tsaya a kan wanda ya fi, ya kuma hana najashi, wato mutum ya ƙara kuɗi ba da nufin saye ba, don kawai ya ruɗi wani. Shi kansa Muhtasar, a babin wanda bashi ya cinye, ya nuna cewa ana sayar da dukiyarsa ko da littattafai ne. Ke nan a idon shari'a littafi dukiya ne, yana shiga bashi, yana kuma shiga gado.

To, a nan bango yake tsagewa. In malami ya rasu, akan yi wa littattafansa ƙima tare da sauran tarika. In an dace akwai mai karatu a cikin magada, sai a bar masa su a cikin rabonsa. In ba a dace ba, sai a rarraba. Tun da warƙoƙin sake ne, ba wuya farkon littafi ya tafi wani gida, ƙarshensa ya tafi wani. Bayan rabo biyu ko uku, abin da ya rage sai tarin takardu a cikin adaka, gara da ɗigar damina suna yi musu aiki, har ran da buƙata ta taso, dillali ya zo.

Dillalin Kasuwar Kurmi ya san mai kaya, ya san mai saye, la'adarsa yake nema, saboda haka asalin kaya bai cika ɓata a hannunsa ba. Amma da kasuwar kayan gargajiya ta buɗe a Turai da Amurka, sai hannaye suka yi yawa. Christopher Steiner, a littafinsa African Art in Transit (1994), ya bayyana irin rawar da fataken Hausawa suka taka a wannan ciniki a Abijan. A irin wannan doguwar sarƙa kowa yana ɓoye wa na gaba inda ya samo kaya, don kada a tsallake shi. Kafin kaya su kai ɗakin gwanjo, sunan gidansu ya riga ya zube a hanya.

4.0 Abin da Ya Faru a Ƙasashen Keltawa

Mutanen Ailan ma sun yi tsarin gidajen da suke gadon riƙon littattafan addininsu. Misalin da ya fi kama da namu shi ne Littafin Armagh, wanda wani marubuci mai suna Ferdomnach ya juya wajen shekarar 807. Yana da jakar fata wadda har yanzu tana nan, duk wanda ya gan ta zai tuna da gafaka. Zuriya guda ce take riƙe da shi, kuma an ware mata filaye saboda wannan aiki. A ƙarni na 17, lokacin da aka yi ta yaƙe-yaƙe ana ƙwace filayen 'yan ƙasa, sai mai riƙo na ƙarshe, Florence MacMoyer, ya jinginar da littafin a kan fam 5 a 1680 domin ya sami guzurin zuwa Landan. Bai sake fansar sa ba. Littafin ya zauna a hannun iyalin Brownlow fiye da shekara 100, sai a 1853 wani masani, William Reeves, ya saye shi fam 300, daga nan ya shiga Kwalejin Trinity ta Dablin. Abin lura a nan shi ne, littafin ya tsallake ƙarnoni takwas na hare-hare, amma buƙatar mutum ɗaya ta fitar da shi daga gidansa.

Misali na biyu na kayan ado ne. A 1850 aka tsinci wani maƙalin mayafi na azurfa da zinariya, aikin ƙarni na 8, kusa da Bettystown. Da ya shiga hannun wani mai sayar da kayan ado a Dablin, Waterhouse, sai ya laƙaba masa sunan Tara, mazaunin sarakunan Ailan na dā, alhali ba abin da ya haɗa su. Ya ƙera irinsa da yawa yana sayarwa, ya kuma kai shi babban bajekolin Landan na 1851. Daga baya ya koma hannun Cibiyar Masana ta Ailan. Har yau da sunan Tara aka san shi. Kasuwa ke nan: in ta rasa asalin kaya, sai ta ƙaga musu wanda zai ja kuɗi.

Na uku ya nuna ƙarfin asali a wajen farashi. A 1831 aka tono wasu 'ya'yan darar Turawa na haƙorin dabbar teku a tsibirin Lewis na Sikotlan. Wani dillalin kayan dā a Edinbara ya sayi guda ɗaya irinsu fam 5 a 1964, ba tare da ya san ko mene ne ba. Da masana suka danganta shi da na Lewis, sai aka sayar da shi a Sotheby's a watan Yuli na 2019 a kan fam 735,000. Abu ɗaya ne, sanin asali kawai ya shiga tsakani.

Mutanen Ailan sun bi da doka daga baya. Bayan tono taskar Derrynaflan a 1980, Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke hukunci a 1987 cewa irin wannan tsintuwa ta ƙasa ce, aka kuma ƙarfafa haka da dokar 1994.

5.0 Littattafai, Kayan Ado da Faifai a Kano

Wasu kayan ƙarfi ne ya fitar da su, kamar ɗakin karatun Segu da Archinard ya kwashe a 1890 aka kai Faris. Wasu kuwa cikin lumana suka fita. Alhaji Umaru Falke (1893-1962), malami kuma ɗan kasuwa, ɗalibin Malam Salga ne, ke nan silsilar karatunsa tana komawa Madabo. Bayan rasuwarsa littattafansa, fiye da guda 3,000, suka koma Jami'ar Northwestern ta Amurka. Wannan lamari yana da fuska biyu. Tun da a dunƙule suka tafi da sunan mai su, an yi musu fihirisa, kuma ta nan masana suka san abin da malamin Kano na wancan zamani yake karantawa. Amma ɗalibin Kano da yake son ya taɓa su, sai ya ƙetare teku.

Kayan adon mata sun fi saurin salwanta. Munduwa da awarwaro da murjani da tsakiya su ne asusun mace, ran da ta matsu sai ta kira dillaliya. Azurfar kanta sau da yawa daga dalar Mariya Tarisa, mai ɗauke da shekarar 1780, aka narko ta, kuma in yayi ya wuce, maƙeran fari sukan sake narka ta su yi sabon aiki. Ta haka tsohuwar ƙira take ƙarewa ba tare da ta bar gari ba. Haka faifan garmaho. Kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin Afirka ta Yamma a Landan tsakanin 1927 da 1929, har da na Hausa, daga baya kuma aka buga faifan su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Da kaset ta shigo aka yi watsi da faifai, yanzu kuwa masu tara tsofaffin faifan Nijeriya a Turai suna tayin su ta intanet.

6.0 Iyakar Doka

Nijeriya ta kafa dokar kayan tarihi a 1953, ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 a 1972, sa'an nan Doka ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi sai da izini. Ta ambaci rubutun hannu a cikin abin da ta kare, amma babban ma'auninta shi ne a ce an yi abin kafin 1918. Ke nan yawancin abin da malaman ƙarni na 20 suka rubuta, da faifan garmaho baki ɗaya, sun faɗo bayan wannan shekara. Daɗin daɗawa, doka tana tsaron bakin iyaka ne, ba ta zama a zauren da ake rabon gado.

7.0 Kammalawa

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Saboda haka shawarwarinmu na gida ne. Na farko, malamai su riƙa mayar da littattafansu hubusi tun suna raye. Malikiyya ta yarda da hubusin littafi, kuma abin da aka yi hubusinsa ba a sayar da shi, ba ya shiga gado. Na biyu, Jami'ar Bayero da Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano su bi gida gida su yi fihirisa, su ɗauki hoton kowace warƙa, su bar wa masu ita abinsu. Littafin da aka san sunansa da gidansa yana da wuyar sacewa, in ma ya fita ana iya gane shi. Na uku, a kafa asusu wanda zai taimaki masu riƙo da ma'aji mai kyau, ya kuma zama wurin da magada za su fara kai tayi in sayarwa ta zama dole, domin littattafan malami su zauna a dunƙule da sunansa.

Mutanen Ailan sun jira shekara 173 kafin su sami wanda zai karɓo musu Littafin Armagh. Mu kuwa gidajen malamanmu suna nan, magadansu suna nan, ana kuma ci gaba da karatu a zaurukan Madabo. Aikin da za a yi yau da alƙalami da na'urar hoto ya fi sauƙi a kan wanda za a yi gobe da kuɗin waje a ɗakin gwanjo.