Labarin Masu Awon Waya a Ƙasar Kano

Turawa sun ci Kano cikin shekarar 1903, jirgin ƙasa kuwa ya iso cikin 1911. Tun zamanin nan wayar tangaraho ta zama jijiyar mulki, daga baya tarho ya biyo ta. Ƙauyukan kudu irin su Saji, a wajen Rano da Kibiya, ba su bisa hanyar jirgi. In fara ta sauka, ko sanƙarau ya ɓarke, sai dagaci ya aika wa hakimi, hakimi ya tashi mahayi, har labari ya kai inda waya take. To, in aka tarar waya ta mutu, wahalar doki da ta mahayi duk ta tashi a banza.

Cutar waya iri uku ce. Ko ta tsinke, ko biyu su haɗu su harɗe, ko kuwa wutarta ta riƙa zurarewa ƙasa. Ta ukun nan ita ta fi wuyar ganewa, don ido ba ya ganinta. Bisa kowane turke akwai ɗan kofin tangaran da ke raba waya da ƙarfe. In ya tsage, ko reshe ya kwanta bisa waya da damina, sai magana ta dushe. Wadda aka binne cikin gari kuwa, takarda aka naɗe ta da ita, aka rufe da darma. Darma na hujewa, laima ta shiga, shi ke nan.

Ma'aikatan gidan waya ba su aiki da zato. Suna da wani ɗan akwati, Megger, na kamfanin Evershed da Vignoles na Ingila, wanda aka yi wa rajistar sunan nan cikin 1903. Mai awo ya raba wayar da sauran kaya, ya ɗaura mata baki guda na akwatin, gudan kuma ya kai ƙasa, ya yi ta juya hannu har wuta mai ƙarfi ta taso. Allura ta nuna adadi mai yawa, rufin waya lafiya lau. Ta faɗo, akwai yoyo.

Saura sanin wurin. Sai a ce wa na can ƙarshen layi ya haɗa mai ciwon da wata lafiyayya, su zama zobe guda. A nan kuma a auna sassan biyu bisa ma'aunin Wheatstone, har allura ta tsaya tsakiya, kamar sikelin mai sayen gyaɗa. Da yake gwargwadon tsawon waya gwargwadon yadda take tauye wuta, sai lissafi ya ba da mil kaza daga ofis. Mai gyara ya ɗauki tsani ya nufi can sosai, ba sai ya bi turke ɗaya ɗaya cikin rana ba.

Mulkin En'e ya ƙare cikin 1976, aikin tarho ya koma hannun NITEL cikin 1985, wayar hannu ta zo cikin 2001, turaku suka zama kufai. Amma al'adar mutanen nan ta isa koyi ga alƙali da ma'aji da malamin haraji: ba su ɗora laifi bisa wuri sai awo ya ba da shaida. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba na baya irin haƙurinsu, amin.