Daga Meigs Zuwa Lukla: Yadda Tsaunuka Suka Shiga Jirgin Cikin Kwamfuta

Makalar wannan makon ta tarihi ce. Za mu duba manhajar nan da ake sawa a kwamfutar gida, mutum ya zauna a ɗakinsa yana kwaikwayon tuƙin jirgin sama, da yadda aka daɗe ana fama kafin a shigar da abu guda mai sauƙin faɗa a cikinta: titin jirgi a kan gangara.

Wani injiniya Ba'amurke, Bruce Artwick, shi ya buɗe wannan ƙofa. Wajajen 1980 kamfanin subLOGIC ya fitar da manhajarsa a kwamfutar Apple II, wadda duk ƙwaƙwalwarta ba za ta ɗauki hoto ɗaya irin wanda wayoyinmu ke ɗauka yau ba. Duniyar da ke ciki fili ce shimfiɗe, an ja mata layuka kamar takardar lissafi, tsaunuka kuwa 'yan zane ne a gefe guda. A 1982 Microsoft ya fitar da Flight Simulator na farko a kwamfutar IBM, kuma jirgi na tashi ne daga Meigs, wani ƙaramin fili a bakin tafkin Michigan, a birnin Shikago. Zaɓin ya yi wa kwamfutar daɗi, domin yankin Shikago ba shi da tudu ballantana dutse. Shekara da shekaru duk wanda ya kunna manhajar a Meigs yake tsintar kansa.

Daga nan aka gaji wata ƙa'ida da ta zame wa masu shirya manhajar ƙaya a ƙafa: kowane filin jirgi lamba ɗaya ake ba shi ta tsayinsa daga teku. Farkon titi da ƙarshensa duk tsayi ɗaya. Da aka fara sa tsaunuka sosai, sai aka riƙa ɗora su a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kamar dalar gyaɗa. Sai da Flight Simulator 2000 ta fito a 1999 ƙasar kanta ta fara hawa da sauka. A watan Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya yi kwana 11 yana zagaya duniya yana auna tsayin ƙasa da na'urar rada, ya rufe kusan kashi 80 cikin ɗari na tudun duniya. Masu sha'awar wasan suka yi ca a kan wannan awo. Sai dai a wajen Amurka ma'auni ɗaya ne aka fara saki a duk mita 90, kuma a wurare masu tsananin tsini irin Himalaya dutse ya riƙa tare hasken radar, aka bar guraben da babu awo. Wato wuraren da aka fi buƙatar bayani a kansu nan ne aka fi rasa shi.

Ko da aka samu tsaunuka, filin jirgi bai bar tsohuwar ƙa'idarsa ba. Manhajar takan yanke dutse ta daidaita wurin, sai ka ga fili a tsakiyar tsauni kamar faranti a kan tulu, ko kuma a cikin rami da bango kewaye da shi. Ga manyan filaye wannan ƙaramar ƙarya ce. Ga Lukla kuwa, an cire mata ainihin abin da ya sa jirgi ke iya sauka a can.

Lukla ƙauye ne a gabashin Nepal, ƙofar masu zuwa tsaunin Everest. Edmund Hillary, wanda shi da Tenzing Norgay suka fara kaiwa ƙololuwar tsaunin a 1953, shi ya jagoranci gina filin a 1964, domin a samu hanyar kai kayan gina makarantu da asibiti ga al'ummar Sherpa. Ba a shimfiɗa masa kwalta ba sai 2001, kuma a 2008 aka raɗa masa sunan mutanen biyu. Tsawon titin mita 527 ne, kusan kashi ɗaya cikin shida na babban titin filin Malam Aminu Kano. Gangararsa ta kusa kashi 12 cikin ɗari, don haka ƙarshensa na sama ya ɗara na ƙasa da wajen mita 60. A ƙarshen na ƙasa kwari ne mai zurfi, a na sama kuwa bangon dutse. Saboda haka hanya ɗaya ake sauka, ana hawa tudu, tudun ya taya birki aiki. Hanya ɗaya kuma ake tashi, ana gangarowa, gangarar ta taya inji. Idan matuƙi ya matso kusa ya ga bai daidaita ba, babu filin da zai ɗaga ya zagayo kamar yadda ake yi a ko'ina.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Lukla na kan tsayin mita 2,845, inda kaurin iska kusan kashi uku cikin huɗu ne na bakin teku. Fiffike na buƙatar iska mai kauri kafin ya ɗauki nauyi, inji ma da ita yake aiki. Agogon gudu zai nuna wa matuƙi lambar da ya saba gani, alhali jirgin na tunkarar ƙasa da gudun da ya ƙaru da wajen kashi 15 cikin ɗari. Abin mamaki, wannan lissafi na iska ya fi sauƙi ga kwamfuta fiye da karkatar da titi, domin 'yan lambobi ne kawai. Titi mai gangara kuwa sai an taɓa tushen yadda aka gina duniyar gaba ɗaya.

Waɗanda suka hana batun mutuwa su ne masu ƙera ƙarin filaye a gefe, wasu don kuɗi, da yawa kyauta. Kamfanin Aerosoft na Jamus ya fitar da Lukla a zamanin Flight Simulator X ta 2006, da dabarar gina gangarar daban a yaudari manhajar ta ɗauke ta a matsayin ƙasa mai tauri. Ita kuwa X-Plane, ta Austin Meyer da ta fara fitowa a 1995, ta riga Microsoft ba da zaɓin titi ya bi yanayin ƙasar da yake kai. A ganinmu wannan na cikin dalilan da masu son saukar tsauni suka riƙe ta da kyau bayan Microsoft ya rufe sashensa na wannan aiki a 2009.

Sai a watan Agustan 2020 gidan ya dawo, da sabuwar Flight Simulator da kamfanin Asobo na birnin Bordeaux a Faransa ya gina daga hotunan tauraron ɗan adam. An yi ta yabon kyan gajimare da hasken yamma, amma babban sauyin shi ne an jefar da ƙa'idar lamba ɗaya, titi ya samu damar hawa da sauka. Dubi filayen da aka zaɓa aka ƙera da hannu tun ranar farko: ga Lukla, ga Courchevel ta tsaunukan Faransa mai titin mita 537 da gangarar da ta haura kashi 18 cikin ɗari, ga Paro ta ƙasar Bhutan inda jirgi ke kurɗawa cikin kwari da rana kawai, ga tsibirin Saba mai titin mita 400. Ba wai komai ya daidaita ba. A makon da aka saki manhajar aka tarar da wani siririn gini mai hawa 212 a wata unguwar Melbourne ta Ostireliya, saboda wani ya yi kuskuren rubuta lamba a taswirar OpenStreetMap.

Duk da haka muna da ƙorafi a kan yadda ake tallata waɗannan wurare. Tun da wani shirin talabijin na Amurka ya kira Lukla filin da ya fi kowanne hatsari a 2010, sai ta koma dandalin gwada bajinta, ana ɗaukar bidiyon sauke jibga-jibgan jirage a kanta don raha. Ga mutanen yankin kuwa, wannan titi shi ne hanyar magani da abinci da baƙin da suke samun abin sawa a baka daga gare su. Hukumar Nepal ba ta barin matuƙi ya ja jirgi zuwa can sai ya yi sauka 100 a gajerun filaye, ya shekara yana irin wannan aiki a ƙasar, sannan ya je Lukla sau 10 tare da malami. A watan Oktoban 2008 jirgin Yeti Airlines ya shiga hazo dab da sauka ya bugi ƙasa kafin titi, mutum 18 suka rasu, kyaftin kaɗai ya tsira. Na cikin ɗaki idan ya yi haka maɓalli ɗaya zai danna ya sake.

Wani aikin da manhajar ta yi, wanda Artwick bai shirya masa ba, shi ne adana filayen da suka shuɗe. A Kai Tak ta Hong Kong, jirgi kan doso wani tudu da aka yi wa fenti gida-gida ja da fari, ya karya dama da digiri 47 ƙasa-ƙasa a kan rufin benaye, sannan ya ga titi a gabansa. An rufe filin a watan Yulin 1998. Meigs kuwa, cikin wani dare a ƙarshen Maris na 2003 magajin garin Shikago, Richard Daley, ya tura katafila ta farfasa titin, har wasu ƙananan jirage suka wayi gari a maƙale. A watan Nuwamban 2022, da Microsoft ya cika shekara 40 da fara wannan wasa, ya mayar da filayen biyu cikin manhajar. A zahiri, inda Meigs take yanzu lambun shaƙatawa ne, ƙarshen titin Kai Tak kuma tashar jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido.