Daga Su Zuwa Kallo: Tarihin Kai Baƙi Tsibiran Zanzibar

A kowace safiya, in ban da lokacin da ruwan sama yake tsananta a watannin Afrilu da Mayu, ƙananan jiragen ruwa na katako suna tashi daga gaɓar birnin Zanzibar da ƙauyukan Fumba da Matemwe da Nungwi ɗauke da 'yan yawon buɗe ido, su nufi ƙananan tsibiran da ke kewaye da babban tsibirin Unguja, su wuni a can, su dawo kafin faɗuwar rana. Abin da baƙin suke biya dominsa wata irin ninkaya ce wadda mutum yake kifewa a saman ruwa, fuskarsa a nutse, sanye da tabarau mai hana ruwa shiga ido da hanci, yana numfashi ta wani lanƙwasasshen bututu wanda ya ciza a bakinsa, ɗaya bakin bututun kuma ya leƙo sama da ruwa, ta yadda zai daɗe yana kallon kifaye da duwatsun murjani ba tare da ya ɗago kai ba. Wannan sana'a ba ta wuce shekara arba'in da kafuwa a Zanzibar ba, amma jirgin da ake yin ta da shi, da sanin teku da take dogaro da shi, da tsibiran da ake zuwa, duk sun girme ta nesa ba kusa ba, kuma ba za a fahimci halin da take ciki a yau ba sai an san daga hannun wa ta gaji waɗannan abubuwa.

Tushen komai a wannan gaɓa iska ce. Daga wajajen Disamba zuwa Maris iskar da masu magana da Suwahili suke kira kaskazi tana kaɗowa daga arewa maso gabas, a da ita ce take kawo jiragen Oman da Yaman da Indiya, sa'an nan daga Afrilu ta juya ta zama kusi, wato iskar kudu, wadda take mayar da su gida. A kan wannan juyi aka ƙera jiragen yankin: jahazi, babban jirgin dakon kaya, mashua, matsakaici, wanda shi ne aka fi ɗaukar baƙi da shi a yanzu, da ngalawa, kwale-kwalen da ake fafewa daga gungumen itace guda, akasari na mangwaro, a ɗaura masa katako a kowane gefe don kada ya kife. Dukansu suna tafiya ne da babban ƙyalle mai kusurwa uku wanda yake kama iska, kuma har yanzu masassaƙan Nungwi suna ƙera su da hannu a bakin teku. Wani littafin jagorar 'yan kasuwa da aka rubuta da Girkanci a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa ya ambaci wani tsibiri a wannan yanki inda ake amfani da jiragen da aka ɗinke katakansu da igiya, ake kuma kama kifi da kwanduna, kuma irin wannan tarko na saƙa, wanda ake kira dema, yana nan a hannun masunta.

Ga waɗannan masunta dutsen murjani ba abin sha'awa ba ne, wurin neman abinci ne, kuma haɗari ne ga jirgi. Nahoda, wato shugaban jirgi, yakan gane zurfin wuri daga launin ruwa, ya san inda dutse yake ɓoye da sa'ar da teku zai cika ko ya janye, wanda a Zanzibar bambancinsa yakan kai mita huɗu. Mata kuwa sukan fita idan ruwa ya janye su bi ramukan dutse da sanda suna farautar pweza, wata dabbar teku mai hannuwa takwas. An kuma riƙa fasa dutsen ana gini da shi, ana ƙona shi a sami farar ƙasa, kuma da shi aka gina mafi yawan gidajen tsohon birnin Zanzibar, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Abin da ba a cika lura da shi ba a wancan zamani shi ne dutsen nan rayayye ne: wasu mitsi-mitsin dabbobi ne suke gina shi a hankali, kamar yadda gara take gina suri, kuma a cikin jikinsu akwai ƙananan tsirrai da suke haɗa musu abinci daga hasken rana, su ne kuma suke ba su launi. Irin murjanin da yake dunƙule ba ya ƙaruwa da fiye da kimanin santimita ɗaya a shekara, saboda haka abin da aka fasa a rana guda yana iya zama ginin shekara ɗari.

Tsibiran da ake kai baƙi a yau kowanne da nasa labarin, kuma na Changuu, wanda yake kimanin kilomita biyar da rabi daga birnin, shi ne mafi nauyi. A shekarun 1860 Sarki Majid bin Said ya ba da shi ga wasu Larabawa biyu, waɗanda suka mayar da shi wurin tsare bayin da suka ƙi miƙa wuya, a zamanin da kasuwar bayi ta Zanzibar take ci, kafin rufe ta a 1873. Bayan Birtaniya ta karɓi iko da ƙasar a 1890, Lloyd Mathews, Baturen da yake riƙe da muƙamin babban wazirin sarki, ya sayi tsibirin a 1893, aka gina kurkuku wanda aka kammala a 1894, amma ba a taɓa kulle fursuna ko ɗaya a ciki ba, domin tsoron annoba, musamman cutar shawara, ya sa aka mayar da wurin sansanin killace fasinjojin jiragen da ake zargi da ɗauko cuta. Tun da yake jiragen sun fi zuwa a lokacin kaskazi, sauran watannin wurin yakan zama fanko, sai Turawa da masu hali na birnin suka fara zuwa can shan iska, kuma wannan ne mafarin fita tsibiri don hutu a Zanzibar. A 1919 gwamnan Birtaniya na tsibiran Seychelles ya aiko da kyautar manyan kunkuru huɗu, irin waɗanda suke rayuwa fiye da shekara ɗari. Sun hayayyafa har sun kai kimanin 200 a 1955, sa'an nan sata ta cinye su, har ya rage bakwai kacal a 1996, kafin a kewaye su da shinge. Abin takaici ne cewa baƙo yakan bar Changuu da hoton kunkuru alhali ba a ba shi labarin bayin da aka ɗaure a wurin ba sai a taƙaice, kuma wannan gibi ne a aikin 'yan rakiya da ya kamata a cike.

Kayan kallon kuwa daga Turai suka zo. Louis de Corlieu, wani hafsan sojan ruwan Faransa, ya yi rajistar takalman iyo masu faɗi na roba a 1933, tabarau da bututun numfashi suka yaɗu a gaɓar Bahar Rum a shekarun da suka biyo baya, sa'an nan finafinan Jacques Cousteau na shekarun 1950 suka nuna wa jama'ar Turai abin da ke ƙarƙashin teku, suka sa musu kwaɗayin gani da idonsu. Sai dai Zanzibar ba ta shiga wannan kasuwa da wuri ba, domin bayan juyin juya halin 12 ga Janairun 1964 da haɗewa da Tanganyika a watan Afrilun wannan shekara, gwamnati ta rufe ƙofa ga baƙi, ta dogara ga kanumfari kaɗai, wanda tun zamanin Sarki Sayyid Said shi ne dukiyar ƙasar. Da farashin kanumfari ya rushe a shekarun 1980, bayan Indonesiya, wadda ita ce babbar mai saye, ta bunƙasa nomansa a gida, sai dole ta sa aka nemi wata hanya. Ali Hassan Mwinyi, wanda ya shugabanci Zanzibar daga 1984 zuwa 1985, ya sassauta harkar kasuwanci, aka yi dokar zuba jari a 1986, otal-otal suka fara tsirowa a bakin teku, da yawansu da jarin Italiyawa. Baƙin da ba su kai 20,000 ba a 1985 sun zarce 500,000 a 2019.

A cikin wannan sauyi ne masunci ya zama ɗan rakiya. An ɗaura wa mashua injin baya, an yi masa rumfa, an zuba rigunan hana nutsewa da tabarau da takalman roba a inda a da ake jibge taru. Tsarin wunin ya daidaitu tun a tsakiyar shekarun 1990, musamman a tafiyar da take tashi daga Fumba zuwa tsibirin Kwale: a fita da hantsi, a tsaya a kan wani tudun farin yashi da yake bayyana idan ruwa ya janye, a kafa rumfa da sanduna huɗu da ƙyalle, a fasa kwakwa a yanka abarba da kankana, sa'an nan ɗan rakiya ya shiga ruwa yana jan tayar ceto da igiya, waɗanda ba su iya iyo ba suna riƙe da ita, yana nuna musu kifaye da yatsa, da azahar a ci gasasshen kifi a inuwa, da yamma a kashe inji a ɗaga ƙyalle iska ta mayar da jirgi gida. A Kizimkazi, ƙauyen da masallacinsa yake ɗauke da rubutun shekarar 1107, masunta sun kasance suna kashe dabbar ruwan nan da ake kira dolfin su yi tarkon kifin shak da namanta, amma da suka ga rayayyar ta fi matacciyar kawo kuɗi, sai farautar ta mutu a tsakiyar shekarun 1990, ko da yake yadda jirage suke rububin bin dabbar a yau shi ma wata cutarwa ce.

A daidai wannan lokaci ne kuma ɓarnar da ake yi wa murjanin ta fito fili. Masu kamun kifi da nakiya suna ragargaza dutsen, masu jan taru a ƙasan ruwa suna kankare shi, wasu suna dukansa da sanduna don su koro kifi, ga kuma anka, wato ƙarfen da ake jefawa don tsayar da jirgi, wanda jiragen baƙi suke saki a kansa kullum. A 1998 ruwan Tekun Indiya ya yi zafin da ya sa murjani ya fitar da tsirran da ke jikinsa, ya koma fari fat, da yawansa ya mutu, hakan kuma ya sake faruwa a 2016. Mutanen Fumba da ƙauyukan maƙwabta su ne suka fara kuka da masuntan da suke zuwa daga nesa da miyagun kayan su, suka kafa sintiri da kansu, kuma wannan yunƙuri ne ya kai ga ayyana mashigin Menai, mai faɗin murabba'in kilomita 470, a matsayin yankin kiyayewa a 1997.

Misalin da ya fi kowanne bayyana abin da kiyayewa take iya yi shi ne Chumbe, ƙaramin tsibirin da ke kudu maso yammacin birnin, mai hasumiyar fitilar jirage da aka gina a 1904 da ɗan masallacin da aka yi wa masu kula da ita. Da yake yana gefen hanyar manyan jirage, an daɗe ana hana kamun kifi a yammacinsa, murjaninsa ya tsira. Wata Bajamushiya mai suna Sibylle Riedmiller ta fara neman a kare shi a 1991, gwamnati ta ayyana shi wurin da aka haramta kamun kifi a 1994, aka kuma ɗauki tsofaffin masunta daga ƙauyukan kusa aka horar da su su zama masu gadi da 'yan rakiya. Ɗakunan kwana bakwai kawai aka gina, an ƙayyade yawan masu zuwa wuni, kuma kuɗin da suke biya shi ne yake ɗaukar nauyin gadin, shi ne kuma yake kawo ɗaliban makarantun Zanzibar, maza da mata, su kalli murjanin ƙasarsu kyauta. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da mutane da yawa, musamman mata, suke tasowa a bakin teku ba su iya iyo ba. An ƙidaya fiye da nau'i 200 na murjani mai tauri a wannan ɗan wuri. Mnemba kuwa, a arewa maso gabas, ko da yake an ayyana ruwansa yankin kiyayewa a 2002, ya sha fama da cunkoson jirage da tattakin ƙafafu, har sai da aka taƙaita yawan masu shiga wani sashensa aka ƙara kuɗin shiga, kuma tsibirin kansa yana hannun otal mai zaman kansa, mutumin Matemwe da kakanninsa suka yi su a wurin ba ya da izinin sauka a kansa.

Rabon amfanin sana'ar shi ne inda har yanzu ba a yi adalci ba. Kuɗin da baƙo yake biya yakan bi ta hannun otal da kamfanin shirya tafiya da dillalin bakin teku kafin ya iso ga nahoda da yaran jirginsa, waɗanda su ne suka san ruwan, su ne kuma suke ɗaukar alhakin rayukan fasinja, alhali masuncin da aka hana shi wurin kamunsa sau da yawa ba ya ganin komai daga kuɗin shigar da ake karɓa da sunan kiyayewa. Tarihin Chumbe da na Menai ya nuna cewa murjani yana tsira ne a inda aka ƙayyade yawan jirage, aka kuma sa mutanen ƙauye cikin gadin da cikin rabon kuɗin, kuma wajibi ne hukumomin Zanzibar su shimfiɗa wannan tsari a sauran tsibiran tun kafin wani zafin teku ya sake zuwa.